Waya, Majigi da Kwamfuta a Aji: Amsoshin Tambayoyin Malamai da Iyaye

Na daɗe ina riƙe da alli. A 'yan shekarun nan kuma ina yawan zama da malamai 'yan'uwana a taron bita kan yadda za a shigo da na'ura cikin darasi. Ko a birni muke ko a ƙauye, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, wasu daga malamai, wasu daga shugabannin makarantu, wasu daga iyaye a taron iyayen yara. Na tattara su nan tare da amsar da nake bayarwa.

Idan an ce fasaha a aji, sai lallai an sami ɗakin kwamfuta?

A'a. Rediyo fasaha ne, lasifika fasaha ce, wayar da ke aljihunka ma haka. Abin kuma ba baƙo ba ne a wajenmu. Iyayenmu sun kalli majigi a ƙofar fada tun zamanin Turawa, ana nuna musu noman gyaɗa da auduga da tsaftar muhalli. A Nijar an fara koyar da yaran firamare ta talabijin tun 1964. Hukumar ilimin makiyaya da ke Kaduna ta daɗe tana amfani da rediyo don isa rugage. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, rediyo ne ya riƙe yaran talaka a Kano da Kaduna da wasu jihohi, lokacin da 'ya'yan masu hali ke darasi ta Zoom.

Don haka ni ba na fara tambayar malami wace na'ura yake da ita. Nakan tambaye shi wane darasi ne yake koyarwa shekara da shekaru yara ba sa ganewa. Daga nan ake fara lissafi.

To da gaske na'ura tana ƙara wa yara ilimi, ko dai ado ce?

Takan ƙara, takan kuma zama asarar kuɗi. An gwada duka biyun, kuma ya kamata duk mai hannu a sayen kayan makaranta ya san labarin.

Akwai wani shiri da ya taso daga Amurka na ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka tasa, 'yar ƙarama mai launin kore da fari. A 2007 an gwada shi a wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja, amma bai yaɗu a Najeriya ba. Ƙasar Peru ita ta rungume shi hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutocin ga yaran karkara. Da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi sawu, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma makinsu a lissafi da karatu bai ɗaga ba. Dalili a fili yake: an miƙa na'ura ga yaro, ba a canza yadda malami ke koyarwa ba, ba a kuma ɗaure na'urar da manhajar karatu ba.

Sai ka dubi abin da ya faru a maƙwabtanmu. Daga 2009, a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, an gudanar da ajin yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara abu ɗaya: koya wa ɗaliban amfani da ƙaramar waya mai madannai, su rubuta saƙo, su karanta lamba. Waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Wayar ba ta kai kwamfutar Peru tsada ko kyau ba, amma ta shiga cikin darasin da malami ke yi, kuma ta ba ɗalibi dalilin yin rubutu bayan an tashi aji, domin yana son aika saƙo ga ɗan'uwansa da ya tafi cirani.

Abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne na'ura tana bin bayan malamin da ya san abin da yake so yara su iya. Inda aka sa ta gaba, malami na baya, kuɗi ne ke tafiya.

Makarantarmu ba wuta. Ina za mu fara?

Da abin da ke da batir a cikinsa. Waya da ƙaramar lasifika mai Bluetooth, idan an yi musu caji da dare, za su kai ka har a tashi. Wannan ya isa darasin furucin Turanci ko Larabci, da waƙoƙin ƙidaya na 'yan aji ɗaya, da karatun labari.

Idan za a hau mataki na gaba, sola ta fi janareta. Janareta na shan mai, ƙararsa kuma tana danne muryar malami. Kwamfutar tafi-da-gidanka da talabijin madaidaici ko ƙaramin majigi ba sa jan wuta mai yawa, faranti ɗaya ko biyu da batir mai kyau sun ɗauke su. Abu biyu ke kashe sola a makarantunmu. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke rufe farantin har ya daina caji sosai, alhali tsumma da ruwa sau ɗaya a mako sun wadatar. Na biyu batir: da zarar an ga wuta ta samu, sai a jona firji da dutsen guga da cajin wayoyin unguwa, kafin shekara ta zagayo batir ya mutu. A rubuta abin da aka yarda a jona, a manna a bango, a ɗora alhakin a wuyan mutum ɗaya.

Data ta yi tsada, sabis ma sai an hau tudu.

Darasi mai kyau bai kamata ya dogara da sabis ba ko da a tsakiyar birni ne. Duk abin da za ka nuna, ka sauke shi tun a gida. Babu abin da ke wargaza aji kamar malami tsaye yana jiran bidiyo ya buɗe.

Akwai manhajojin da aka gina don inda babu intanet. Kiwix tana sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Kolibri ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya, a zuba mata darussa, sauran wayoyi da kwamfutoci su jona da ita a cikin makaranta ba tare da intanet ba. Gwaje-gwajen kimiyya na PhET, na Jami'ar Kolorado, ana sauke su a ajiye. GeoGebra na aiki haka nan don lissafi. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF kuma sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022, darussan da ke bin manhajar ƙasa, kyauta.

Sannan kar mu manta da dabarar da matasanmu suka riga mu ganowa. Yadda ake tura waƙoƙi da finafinai a shagon mai caji, daga memori zuwa memori ko ta Xender, haka za a tura darasi. Malami ɗaya ya sauke, malamai ashirin su karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗalibaina sun haura ɗari, wayata kuma ɗaya ce.

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni, domin ita ce gaskiyar yawancin makarantun gwamnati. Kar ka ɗaga waya a gaban yara ɗari ka ce su kalla. 'Yan layin gaba ne kawai za su gani, na baya su fara surutu, su kuma ƙara yarda cewa darasin ba nasu ba ne.

Sauti ya fi hoto isa bayan aji, saboda haka a babban aji lasifika ce abokiyarka. Idan hoton ya zama dole, ka raba ajin rukuni-rukuni, ka ba kowane rukuni aikin yi a littafi, sai wayar ta zagaya, minti biyu a kowane rukuni, da tambaya ɗaya da za su amsa bayan sun gani. Kar bidiyon ya wuce minti ɗaya da rabi.

Akwai kuma amfanin da yara ba za su ga wayar ba sam. Malami ya kalli yadda wani gwani ke koyar da kasafi ko raba jimla, ya shigo aji da sabuwar dabara da alli a hannunsa. A ganina wannan shi ne amfani mafi girma, kuma shi aka fi rainawa.

Wane irin darasi ne ya fi dacewa da bidiyo ko majigi?

Wanda baki ba zai iya kwatanta shi ba. Yaron da ya tashi a Daura bai taɓa ganin teku ba, bai ga dutse na aman wuta ba. Zuciya tana harba jini a zane ba ta motsi, amma a bidiyo yaro zai ga ƙofofinta na buɗewa da rufewa. Gani ya kori ji.

Na taɓa koyar da husufin wata. Yaran duk sun san shi, wasunsu sun fita buga gwangwani ana cewa rana ta kama wata. Na nuna musu bidiyon minti ɗaya na yadda duniya ke shiga tsakanin rana da wata, sannan na kashe na'urar, na ɗauko tocila da ƙwallo da lemo, na kira yara uku suka tsaya suka maimaita abin da hannunsu. A jarrabawa, abin da suka zana shi ne tsayuwar abokansu ukun nan. Bidiyon ya buɗe ƙofa ne kawai.

Ƙa'idata ita ce: tambaya kafin a kunna, tsayarwa a tsakiya a tambayi me suke zaton zai biyo baya, aiki bayan an kashe. Kunna fim na minti arba'in malami ya koma ofis ba koyarwa ba ce. Kuma ka kalli bidiyon daga farko har ƙarshe kafin ka nuna, saboda talla da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba.

A bar ɗalibai su zo makaranta da wayoyinsu?

A firamare da ƙaramar sakandare, ra'ayina a'a ne. Faransa ta hana tun 2018 ga yara har zuwa kusan shekara 15, Holan ta bi sahu a 2024, rahoton UNESCO na 2023 kuma ya ja kunne cewa waya kusa da ɗalibi tana ɗauke masa hankali. A wajenmu akwai ƙarin matsala: ƙwacen waya a hanya, da gorin da ke shiga tsakanin mai babbar waya da wanda ko kuɗin tara bai zo da shi ba.

A babbar sakandare ana iya keɓe rana da darasi, wayoyin su kwana a akwati a ofis, a fito da su don aikin, a mayar. Aikin kuma a yi shi rukuni-rukuni yadda wanda ba shi da waya ba zai ji kunya ba. A lura da 'yan mata musamman, domin a gidaje da yawa ɗa namiji ne ke fara samun waya, idan kuma aka zauna gaban kwamfuta ɗaya maza kan riga kama linzamin kwamfutar, wato mouse.

Ɗana zai rubuta JAMB bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Me makaranta ya kamata ta yi?

Alhaji, wannan haƙƙi ne a kan makarantar, ku tambaye ta a taron iyaye. JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. WAEC ma ta fara a 2024 da masu rubutawa daga waje. Tambayoyin JAMB 180 ne cikin awa biyu. Yaron da ya ɓata minti goma sha biyar yana rawar hannu a kan linzami ya yi asarar tambayoyi da dama, ko da ya fi kowa sani.

Abin da ake buƙata bai da yawa. Yaro ya iya shigar da lambarsa, ya san A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, ya kuma saba da ganin agogo na raguwa a gabansa ba tare da zuciyarsa ta tsinke ba. Kwamfuta biyar ma sun isa idan aka tsara jadawali tun daga aji huɗu na sakandare. Inda babu ko ɗaya, makaranta ta yi yarjejeniya da cibiyar jarrabawa mafi kusa, a riƙa kai yara ranar Asabar. Jarrabawar gwaji ta JAMB kuma kar a bari ta wuce su.

Kusan komai da Turanci yake. Ina na Hausa?

Gaskiya ne, kuma gurbi ne da mu kaɗai za mu cike. Wikipedia ta Hausa tana girma. Google Translate ta sa Hausa tun 2013, sai dai har yanzu takan yi tuntuɓe da karin magana da kalmomin kimiyya, don haka kar a manna fassararta a allo ba tare da an gyara ba. Madannin Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka babu uzurin rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa".

Dabara mai sauƙi: ka kashe sautin bidiyon Turanci, ka yi bayanin da bakinka da Hausa. Wadda ta fi ta kuma, ka naɗi naka. Malamar da ta iya koyar da baƙaƙe da wasula ta naɗi muryarta minti uku, a tura wa iyaye mata ta WhatsApp, yaro ya ji a gida yana bin littafinsa da yatsa. Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya kunna saƙon murya.

A Islamiyya da makarantar allo fa?

Sauraron ƙira'a na taimaka wa hadda ƙwarai. Tun 1961 Shehu Mahmud Khalil Husari na Masar ya naɗi Alƙur'ani cikakke, kuma karatunsa a tsanake yake, ya dace da mai koyo. A kula da ruwaya: yawancin abin da ke waya Hafsu ne, alhali a tsangayu Warshu ake yi, kar a rikita yaro. Kuma na'ura tana karantawa ne, ba ta jin kuskuren mai bi. Gyaran makhraji sai an gurfana gaban malam, baki da baki, kamar yadda aka karɓo shi tun asali.

Ɗalibai na kawo aikin gida da ChatGPT ta rubuta. Me zan yi?

Tun da wannan manhaja mai amsa tambaya da rubuta wa mutum abin da ya nema ta fito a ƙarshen 2022 malamai ke wannan kuka. Kar ka dogara da manhajar da ake cewa tana gano rubutun na'ura, tana kuskure, za ka iya zaluntar yaron da ya yi aikinsa da guminsa. Ka kira shi ya yi maka bayanin abin da ya kawo a minti biyu. Wanda ya rubuta da kansa zai iya. Sannan ka canza irin aikin da kake bayarwa: maimakon ya rubuta illar zaizayar ƙasa, ya je ya dubi kwazazzabon bayan garinsu, ya tambayi dattijo yadda wurin yake a da.

Ba na cewa a guje ta. A jihar Edo, a 2024, an yi gwaji na mako shida tare da Bankin Duniya, ɗaliban sakandare suna zama bibbiyu bayan an tashi suna koyon Turanci da irin wannan manhaja, malami na zagayawa yana duba su, kuma sun fi waɗanda ba su shiga ba maki. Ka lura malami na wurin. Kai ma za ta taimake ka tsara tambayoyi da shirin darasi, amma takan ƙirƙiro ƙarya ta faɗe ta da cikakken ƙarfin hali, musamman a tarihinmu da nassin addini. Ka gwada ta da jerin sarakunan garinku, ka kwatanta da abin da ka sani.

Wata rana na'ura za ta karɓe aikinmu?

Ba ta san yaron da ya zo bai karya ba, ba ta san yarinyar da ta daina zuwa saboda talla ba. Ƙarancin malamai ne ke damunmu, ba yawansu ba.

Na kusa ritaya, ban iya waɗannan abubuwa ba.

Gemu ba ya hana ilimi, Malam. Idan kana tura saƙon murya, ka riga ka yi rabin tafiya. Ka zaɓi abu ɗaya a zangon nan, misali haɗa waya da lasifika, ka nemi matashin malami ya nuna maka, kai kuma ka nuna masa yadda ake riƙe aji, domin a nan shi ne ɗalibinka. Idan na'ura ta ƙi aiki a gaban yara, ka ajiye ta ka ci gaba da alli. Kullum ka shigo da shirin da zai tsaya ko babu ita.

Ya halatta in ɗauki hoton ɗalibaina in sa a Facebook?

Sai da izinin iyaye da na makaranta. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ta tanadi neman yardar iyaye kan bayanan yara. Ko babu doka, bidiyon yaro yana kuskuren karatu ana dariya tozarci ne da zai bi shi har girma. Haka sanya sakamakon jarrabawar aji duka a zauren WhatsApp na iyaye: kowane uba a tura masa na ɗansa. Malami namiji kuma kar ya riƙa hira ta waya da ɗaliba, saƙo ya bi ta hannun iyaye. Wannan kariya ce gare ta da shi.

An kawo mana kwamfutoci, shugaban makaranta ya kulle su kar su lalace.

Na ga haka da idona a wata makaranta: kwamfutoci a cikin kwalayensu, ƙura ta rufe, batiransu sun mutu ba a taɓa kunna su ba. Ban ga laifin shugaban shi kaɗai ba, tsoro yake a zo bincike a ce ya biya. Maganin shi ne a raba masa nauyin. Kwamitin gudanar da makaranta ya zauna, a buɗe littafin shiga da fita, a sa jadawalin aji-aji a bango, a ware wani abu don gyara, a sa wa tagogi ƙarfe da labulen tare ƙura. Masu ba da gudummawa kuma, ko 'yan siyasa ne ko tsofaffin ɗalibai, a gaya musu tun farko cewa kyautar kwamfuta ashirin ba wuta ba horo ba ta kai kwamfuta goma da sola da bitar malamai amfani ba.

Kuɗinmu kaɗan ne. Me za mu fara saya?

Idan yara na zaune a ƙasa ko babu littafin karatu, a fara da benci da littafi. Bayan haka, lasifika mai caji wadda muryarta ke kai bayan aji, da memori babba da za a tara darussa a ciki. Sai sola ƙarama. Sai kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, ko ta hannu ce, muddin batirinta na riƙe caji, tare da talabijin ko majigi. A ajin da haske ya yi yawa talabijin ya fi, domin hoton ƙaramin majigi yakan dushe da rana sai an rufe tagogi, rufe tagogi kuma a watan Afrilu da yara tamanin a ciki ba abu ne mai yiwuwa ba. Allon zamani mai taɓawa ya zo a ƙarshe, idan ma zai zo. Kafin a biya kuɗin kowane kaya, a tambayi mai sayarwa wa zai gyara shi a garin nan idan ya lalace, kuma a ina ake samun cajarsa.